Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kan Kai Ɗalibai Gidajen Tarihi Da Masana'antun Kano

Idan ƙarshen zangon karatu ya zo, makarantu da yawa a Kano sukan zuba yara a mota a kai su yawon buɗe ido. Galibi gidan namun daji na Audu Bako ake nufa, ko filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko wani wurin wasan yara. Babu laifi a cikin haka. Sai dai daga gidan namun dajin zuwa masana'antun Sharaɗa tafiyar 'yan mintoci ce, Gidan Makama ma ba wani nisa gare shi ba. Duk da wannan kusanci, yaro kan gama firamare ya gama sakandare bai taɓa taka ƙafa a ɗayansu ba, ko da kuwa mahaifinsa a kamfani yake aiki, kakansa kuma marini ne ko majemi.

Labarin yadda Kano ta zama garin ƙere-ƙere ya kasu gida biyu. Rabin farko yana ajiye a gidajen tarihi da tsofaffin unguwannin sana'a na cikin birni. Rabi na biyu yana bayan katangun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ɗalibin da ya ga ɗaya bai ga ɗayan ba, guntun labari ya samu. Ga abin da ya kamata iyaye da malamai da masu masana'antu su sani domin a haɗa wa yaranmu rabin nan biyu.

Mene ne shirin ilimi na gidan tarihi?

Mutane da dama sun ɗauka aikin gidan tarihi shi ne tara tsofaffin kaya a kulle. Adanawa kashi ɗaya ne na aikin, koyarwa ita ce ɗayan. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da sashen ilimi, kuma gidajen da ke ƙarƙashinta suna da jami'an da aikinsu shi ne karɓar ɗalibai, zagayawa da su, da yi musu bayani daidai da shekarunsu.

Shirin ilimi ya wuce zagayen rana ɗaya. A inda abin ya kankama, malamin aji da jami'in gidan tarihi sukan zauna tun kafin ziyara su daidaita abin da yara za su gani da darasin da suke kai. Akan ware wasu kaya da aka yarda yara su taɓa. Akan gayyato masu sana'a su yi aiki a gabansu. Akan shirya taron hutu na zane da saƙa da ginin tukwane, da gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, musamman a ranar 18 ga watan Mayu, wadda duniya take bikin gidajen tarihi a cikinta tun 1977. Wani lokaci ma gidan tarihin ne yake tattaki zuwa makaranta da 'yan kayan nuni a akwati.

Buƙatar wannan ta ƙaru a Najeriya saboda dalili guda. Wajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai bayan shekara fiye da goma aka dawo da shi sosai. Yaran da suka yi makaranta a wannan tsakani, yanzu wasunsu ne malaman aji. Malamin da bai karanci tarihi ba yana buƙatar abokin aiki, kuma gidan tarihi shi ne mafi kusa.

Waɗanne wurare Kano take da su?

Na farko shi ne Gidan Makama, daura da fadar Sarki ta wajen Ƙofar Kudu. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 15, ana danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi, daga baya aka raba shi: wani sashe gidan tarihi, wani makaranta, wani kuma mazauni. A cikin ɗakunansa goma sha ɗaya akwai bayanin ginin Hausa, da taswirar ganuwa da ƙofofinta, da tarihin sarauta tun daga Bagauda, da jihadi, da yaƙin basasa na shekarun 1890, da zuwan Turawa. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, har da na Kabuga. Akwai kayan yaƙi, kayan kiɗa, rubuce-rubucen malamai, kayan noma da na sana'a, da ɗakin amarya irin na da.

Na biyu shi ne Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna. A nan ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, kuma abin lura shi ne tun farkon fari ya haɗa da sashen koyon sana'ar hannu. Yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce take kula da gidan. Na uku shi ne Gidan Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yake hannun Jami'ar Bayero.

Bayan waɗannan akwai wuraren da ba a kiran su gidan tarihi amma suna koyar da shi kullum: marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498, da Kasuwar Kurmi, da Dutsen Dala, da ragowar ganuwa wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, da majemar gargajiya ta wajen Ƙofar Wambai. A waɗannan wurare har yau mutane suna neman abincinsu da sana'ar da suka gada.

Me ya haɗa gidan tarihi da masana'anta?

Kano ba da zuwan injin ta fara ƙera kaya ba. Binciken masana ya nuna ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Da tafiya ta yi nisa sai saƙa da rini da jima da dukanci suka zama ƙashin bayan arzikin ƙasar. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayar da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi da Kano kuwa, fatake ne suke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa gare su.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai gyaɗa ta shigo da ƙarfinta. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har aka yi dalar gyaɗa da ta zama tambarin Kano. Daga gyaɗar nan aka samu injinan matsar mai, daga kiwo aka samu kamfanonin jima, daga auduga aka samu masaƙu. Wato masana'antun zamani na farko sun tsaya ne a kan kayan da Bakano ya saba sarrafawa da hannu tun ɗaruruwan shekaru. Wannan shi ne darasin da yaro ba zai gane shi sosai ba sai ya ga mazari da abawa da safe, ya ga injin kaɗi da rana.

Ina ne Bompai da Sharaɗa da Challawa?

Bompai ita ce babbar yaya. Tana gabashin birni a ƙaramar hukumar Nassarawa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, kuma tun ƙarshen mulkin Turawa aka keɓe ta domin masana'antu. A nan aka yi injinan man gyaɗa, da kamfanonin alewa da turare da sabulu da kwanukan sha, da majemu, da kamfanin haɗa keken Raleigh. 'Yan kasuwar Labanan da na Turai da na Asiya suna cikin waɗanda suka fara zuba jari, attajiran gida suka shigo da ƙarfi daga baya.

Da Bompai ta cika, kuɗin man fetur kuma suka shigo a shekarun 1970, sai aka yanka Sharaɗa a kudu maso yammacin birni, aka raba ta kashi uku. Challawa tana gaba, wajen Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso, kusa da kogin da ta ci sunansa. Ita ce ta fi shahara da manyan majemu, akwai kuma kamfanin lemon kwalba da na robobi da masaƙu. A lokacin da abin yake kan ganiyarsa, Kano ce ta biyu bayan Legas a yawan masana'antu a Najeriya, kuma dubban ma'aikata suna kwarara waɗannan wurare a kan keke dare da rana.

Daga nan al'amura suka juya. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya dala. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injin da ake sayowa waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai da dizal suka ci riba, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Manyan masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda suka tsaya, gine-gine da yawa suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Amma wuraren ba su mutu ba. Har yau ana jima, ana yin robobi da takalma da tabarmi da buhuna, ana casar shinkafa, ana tace man girki, ana haɗa kayan abinci da na sha. Tashi da faɗuwa da sake yunƙurin nan duka tarihi ne, kuma ya faru ne a idon iyayen yaran da suke aji yanzu.

Me yaro zai koya a zahiri?

Mu ɗauki fata. A majemar gargajiya ɗalibi zai ga an jiƙa fata, an tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, an kankare, an sa ta a ruwan kashin tattabara domin ta yi laushi, sannan an jeme ta da dakakkiyar bagaruwa. Zai ga an shafe ta da mai, an rina ta ja da karan dafi, baduku ya karɓa ya yi jaka ko takalmi ko kuben wuƙa. Idan aka wuce da shi Challawa zai ga matakan nan dai ne, amma a cikin manyan ganguna masu juyawa, ana jeme dubban fatu a lokaci guda da sinadarin kurom, su fito da launin shuɗi-shuɗi, a matse, a daidaita kaurinsu, a rina, a ɗaure su zuwa Italiya da Sifen da Sin. Daga nan tambayoyi masu amfani suke fitowa. Me ke cikin bagaruwa da yake hana fata ruɓewa? Don me ake fitar da fatarmu waje, a dawo mana da ita takalmi mai tsada? Wace makaranta ake koyon wannan ilimi? Amsar ta ƙarshe tana Samarun Zariya, inda cibiyar binciken fata ta ƙasa take, kuma ɗalibai da yawa ba su taɓa jin labarinta ba.

Haka rini. A Ƙofar Mata yaro zai ga an haɗa baba da toka da katsi a cikin rijiyar rini, an bar su kwanaki suna tsima. Zai ga an tsamo zane da launin tsanwa, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonsa. Malamin kimiyya zai iya kwana uku yana bayanin yadda iska take sauya sinadari a kan allo, yara ba su kama ba, amma wanda ya ga wannan sau ɗaya ya riƙe. Gani ya kori ji. Daga marina sai wurin mabuga, inda ake bugun shadda har ta yi ƙyalli, daga nan sai kamfanin da injin yake buga zane.

Akwai kuma darasin da bai kamata a ɓoye wa yara ba, wato na ruwa. Dagwalon masana'antun Bompai yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Na Sharaɗa yana bi ta Salanta, na Challawa kuma yana faɗawa kogin Challawa. A bakin waɗannan rafuka manoman rani suke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake kawowa kasuwa. Masana a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun daɗe suna bincike kan ƙarafa masu guba da ke cikin wannan ruwa. Ɗalibin sakandare da ya ga launin ruwan da idonsa, aka kuma nuna masa yadda ake tace shi a kamfanin da yake tacewa, ya samu darasin kimiyya da na kiwon lafiya da na haƙƙin maƙwabtaka a zama ɗaya.

Ina giɓin yake?

Har yanzu Kano ba ta da gidan tarihin da aka keɓe wa masana'antun zamani. Kamfani idan ya rufe, injinansa sukan ƙare a hannun 'yan gwangwan, a yanka a auna a kan sikeli. Takardu da hotuna da littattafan albashi da samfurin atamfa da tambarin kaya sai gara da ruwan sama su cinye. Mutanen da suka tuƙa injinan nan a shekarun 1960 da 1970 sun tsufa, kullum kuma ana rasa su.

Abin da ake buƙata ba mai yawa ba ne a farko: injin saƙa guda ɗaya, keken da aka haɗa a Bompai, kwano da gwangwanin alewa da kwalbar turare masu tambarin Kano, katin shaidar ma'aikaci, jiniyar tashi daga aiki, sikelin awon gyaɗa, da hotunan dala. Sai kuma muryoyin mutane. A nan ne ɗalibai za su zama masu bayarwa, ba masu karɓa kawai ba. Ɗan aji biyar na sakandare da wayar hannu zai iya zama da kakansa ko maƙwabcinsa da ya yi aikin masaƙa, ya tambaye shi yadda aka ɗauke shi aiki, nawa ne albashinsa na farko, yaya aikin kwana yake, me ya faru ranar da aka rufe ƙofa. Idan malami ya duba, aka rubuta, aka miƙa wa gidan tarihi da izinin mai labarin, an ceto abin da babu shi a kowane littafi.

Yaya wasu suka yi nasu?

Misali mafi kusa yana Yamai. Gidan tarihin ƙasa na Nijar, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya haɗa ɗakunan nuni da gidan namun daji da rumfunan masu sana'a. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aikinsu a cikin harabar, baƙo yana kallo yana saye. Akwai ɗakin da yake bayanin haƙar yuraniyom, wato arzikin ƙasar na zamani, kuma akwai cibiyar da take koya wa matasa sana'a. Abin da ya sa yaran Yamai suka saba da wurin shi ne an mayar da shi nasu.

A Ingila, birnin Manchester, wanda shi ma da auduga ya yi suna, ya mayar da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830 gidan tarihin kimiyya da masana'antu, inda akan tayar da tsofaffin injinan saƙa domin ɗalibai su ji ƙararsu su ga yadda suke aiki. A birnin Essen na Jamus, mahaƙar kwal ta Zollverein ta daina aiki a 1986, ba a rushe ta ba, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya. Ba sai Kano ta kashe irin kuɗinsu ba. Abin ɗauka shi ne masana'antar da ta tsaya tana iya ci gaba da koyarwa.

Yaya ake shirya ziyara mai amfani?

A fara da zaɓen jigo ɗaya: fata, ko auduga, ko gyaɗa, ko ƙarfe, ko ruwa. Ziyarar da aka ce a ga komai, ba a ganin komai a cikinta. Sai shugaban makaranta ya rubuta wa shugaban gidan tarihi takarda da wuri, ya faɗi yawan yara da ajinsu da darasin da ake so. Ya kamata malamin da zai jagoranta ya fara zuwa shi kaɗai ya zagaya, ya san abin da zai nuna.

Kafin ranar, a ba kowane yaro tambaya uku ko huɗu da zai nemo amsarsu. A ranar kuwa a raba su ƙananan rukuni, domin ɗakunan Gidan Makama ba za su ɗauki aji guda a lokaci ɗaya ba, kuma na baya ba ya jin bayani. A bar su su zana abin da suka gani, su yi tambaya, kada a yi ta kora su kamar ana sauri. A koya musu ladabin wurin: ba a taɓa abin da ba a ce a taɓa ba, ba a jingina da bangon ƙasa, ana gaida masu sana'a, ana neman izini kafin ɗaukar hoto. Marini ko majemin da ya bar aikinsa ya yi wa yara bayani ya cancanci a sallame shi da wani abu.

Masana'anta tana da nata sharuɗɗa. Ba wurin ƙananan yara ba ne, ta fi dacewa da 'yan sakandare. Dole a samu izinin iyaye a rubuce. Kowa ya sa takalmi rufaffe, a tattare hijabi da manyan riguna kada injin ya kama, a sa takunkumi da abin toshe kunne inda ake buƙata, a bi layin da jami'in kamfani ya nuna. Wurin sinadarai da tukunyar tururi daga nesa ake kallonsu. Yaro mai ciwon asma a sanar da shi tun kafin a tashi.

Bayan an dawo aikin bai ƙare ba. A sa su rubuta abin da suka gani da Hausa da Turanci, su gwada rini da baba ko jima da bagaruwa a makaranta, su shirya ɗan baje koli a gayyato iyaye. A aika wa gidan tarihi da kamfanin takardar godiya tare da aikin yaran, domin ita ce take buɗe ƙofa ga ajin baɗi.

Wa zai ɗauki nauyin me?

Gidajen tarihi suna da kaya da masana, amma kuɗinsu kaɗan ne. Kamfanoni suna da motoci da injiniyoyi da tsofaffin injuna. Makarantu suna da yara da malamai. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa tana da reshe a Bompai da wani na Sharaɗa da Challawa, ga kuma cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano. Ta hannunsu za a iya tsara jadawali, kowane kamfani ya karɓi makaranta ɗaya ko biyu a zango, ya ba da mota, ya ware ma'aikacin da ya iya bayani. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da hukumar manyan makarantun sakandare, da hukumar makarantun kimiyya da fasaha wadda take kula da irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, su ne za su sa ziyarar cikin tsarin karatu domin kada ta dogara da ƙwazon malami ɗaya. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma wannan aiki ne da zai shiga ƙarƙashinta ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Masu kamfani su ma suna da riba. Tun farkon shekarun 1970 asusun horar da ma'aikata na ƙasa yake tura ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha koyon aiki a masana'antu, amma a lokacin yaro ya riga ya zaɓi hanyarsa. Sha'awar zama injiniya ko makanike ko masanin sinadarai tun yana ɗan shekara goma sha uku take kama shi, kuma daga cikin irin waɗannan yara kamfani zai ɗauki ma'aikatan gobe.

Abin da iyaye suka fi tambaya

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari da gidan tarihi saboda zaton gumaka ne a ciki. Abin da ya fi yawa a Gidan Makama shi ne tarihin sarauta da malanta da sana'a, har da alluna da littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu. Labarin Barbushe da Tsumburbura kuwa ana ba da shi ne a matsayin abin da ya gabata kafin Musulunci ya kafu, kamar yadda malaman tarihi na Kano suka saba bayarwa. Uban da yake shakka ya je da kansa ya gani, ko ya raka ajin ɗansa.

Sai batun kuɗi. Kuɗin shiga gidajen tarihi ba shi da yawa, mota ce take cin kuɗi, shi ya sa makarantun kuɗi suka fi zuwa, na gwamnati suna zaune. Nan ne taimakon kamfanoni da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na iyayen yara ya fi amfani. Kada kuma a manta da 'yan mata, domin kaɗi da surfe da matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sana'o'in mata ne tun kafin injin ya karɓe su. Haka ɗaliban islamiyya da almajiran tsangaya: da yawansu suna zaune a Sharaɗa da Panshekara da Dakata, a gindin katangar kamfanoni, kuma tarihin nan nasu ne kamar na kowa.

Don haka kira ga shugabannin makarantu shi ne su sa gidan tarihi ɗaya da wurin sana'a ɗaya da masana'anta ɗaya a jadawalin wannan shekara. Masu kamfanoni su buɗe wa ɗalibai ƙofa, kuma kafin su sayar da tsohon injin ga 'yan gwangwan su tuntuɓi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Iyaye kuwa kada su jira makaranta. Ranar Asabar ɗaya da kuɗin adaidaita sahu sun isa uba ya nuna wa 'ya'yansa abin da kakanninsu suka ƙera da hannunsu.